Ramuka goma sha biyu a silin falona

A ƙarshen shekarar 2016 na tare a ɗan gidan da na yi shekara shida ina ginawa a Karaye. Albashin malamin makaranta ne da abin da gona ta bayar, saboda haka bana a buga bulo, baɗi a zuba linta, wata shekarar a sa kwano. Da aka zo kan falo sai zuciyata ta kafe a kan abu ɗaya. Na taɓa shiga falon wani abokina a Kano na ga silin na fiyofi, an binne ƙananan ƙwayayen lantarki a cikinsa, haske na zubowa daga sama, ba ka ganin waya ba ka ganin holda. Tun ranar na ƙudurta sai na yi irinsa. Mai fiyofi ya huda mini rami goma sha biyu, layi uku, huɗu-huɗu.

Ramukan suna nan har yau. Ƙwayayen cikinsu kuwa sau uku ina sakewa, kowace sakewa da kuɗin da na yi asara da kuma abin da na gane. Wanda ke zaune inda wuta ba ta ƙiftawa zai ga maganar ƙwan lantarki ƙarama ce. Mu a nan yammacin Kano, daga Karaye har Rogo da ƙauyukan da ke tsakani, galibin hasken darenmu mu muke tanadarsa da kanmu, ko dai man da muka zuba a janareta, ko cajin da rana ta tara mana a batir. Ƙwan da ka kunna, daga aljihunka yake ci kai tsaye, kuma a daren za ka ga abin da ya ci.

1. Kafin ka huda silin, ka san wutar da za ta ciyar da shi.

Ƙwayayen farko da na saya irin na halojin ne, kowanne wat 50. Yaron da ya yi mini wayarin ya juya kwalin a hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Malam, ɗan injinka ba zai ɗauki waɗannan ba." Na ce masa ya sa kawai, ai na gani a Kano suna ci lafiya. Bai ƙara cewa komai ba, ya hau tsani. Daren da muka tare, 'yan'uwa sun cika falo, na tayar da janareta, na danna makunni. Haske ya zubo yadda nake so na ɗan lokaci, sai muryar injin ta canja, ta koma gurnani, fanka ta rage gudu har ana iya ƙirga fukafukanta, talabijin ta mutu. Lissafin da ya kamata in yi a shago a tsakar gida na yi shi, da tocilan a hannu: 50 sau 12 ya zama wat 600. Ƙaramin janaretan nan da kowa ke da shi, abin da yake iya bayarwa bai wuce wat 650 zuwa 700 ba. Fitilu kaɗai sun cinye shi.

Ga kuma zafi. Halojin ɗan'uwan tsohon ƙwan nan ne mai siririyar waya a ciki, wadda sai ta yi ja-zur kafin ta ba da haske. Kusan kashi tara cikin goma na wutar da irinsu ke sha, zafi take komawa. Da bazara ta shigo, a watan Afrilu, falon ya zama ba ya zaunuwa idan suna kunne, kuma gefen kowane rami a fiyofin ya fara yin ɗorawa-ɗorawa kamar an gasa shi. Daga baya na karanta cewa a watan Satumba na shekarar 2016 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da irin waɗannan ƙwayaye kasuwanninta saboda yawan cin wutarsu. Abin da masu wadatar wuta suke sallamawa, shi ni na kwaso da murna na kai gidan da ke dogara da lita biyu ta fetur. Abin da ya fi damuna shi ne an gaya mini. Na raina maganar ne don mai maganar yaro ne, ni kuma ina ganin na yi boko.

2. Wat cikin ƙwai ne, lumen shi ne haskensa.

Mun taso muna cewa "ba ni ɗan sittin" ko "ba ni ɗan ɗari", muna nufin haske. A zamanin tsohon ƙwai hakan ya wadatar, don duk iri ɗaya ne, wanda ya fi ci shi ya fi haske. Amma wat ma'aunin abin da ƙwai ke ci ne. Ma'aunin hasken da yake fitarwa sunansa lumen, a jikin kwali za ka ga lamba da haruffan lm a gefenta. Tsohon ɗan sittin yana ba da lumen kusan 800, kuma ƙwan LED mai wat 9 ko 10 yana ba da daidai wannan. Halojin ɗina mai wat 50 lumen wajen 350 yake bayarwa, abin da LED mai wat 5 ke bayarwa ba tare da wahala ba. Da na san haka tun farko, da falon gaba ɗaya wat 60 zai ci a maimakon 600.

Ban sani ba, don haka da na tashi sakewa sai na sake bin babbar lamba. Wata ranar kasuwa na tarar da mai baro yana sayar da ƙwayayen LED na silin, an rubuta wat 18 a kwali da jan rubutu, kuɗinsu bai kai rabin na shago ba. Ya jona ɗaya a ɗan batirin da ke gefensa ya haska mini a fuska, idona ya yi duhu. "Alhaji, ka ga wuta? Wannan sai ka gaji da shi." Na kwashi dozin. Ko da na ɗauki ledar na ji ba nauyi, kamar fanko, amma na danne zuciyata. Da yaron wayarin ya zo sa su, ya jona ɗaya a mitarsa ya nuna mini allon: abin da ƙwan ke ja bai kai ko rabin abin da aka rubuta ba. A kwalin babu lumen ko kaɗan, babu sunan kamfani, babu adireshi.

Yanzu ƙa'idata mai sauƙi ce. LED na kirki yana ba da lumen 80 zuwa 100 a kan kowane wat ɗaya, wasu ma fiye. Idan kwali ya ce wat 5, lumen 400 ko 450, maganar ta hau. Idan ya faɗi wat bai faɗi lumen ba, ajiye masa nake yi. Haska ƙwai a fuskar mutum kuma ba gwaji ba ne, ko tocilan ɗin waya aka dalle maka a ido sai ka runtse. Ina cewa a haska mini ƙasa ko bango, daga nesa.

3. Zafi ne ajalin ƙwan LED.

Dozin ɗin mai baro ba su ga damina biyu ba. Wani ya fara ƙyafta ido, wani ya dusashe ya koma kamar garwashi, wani ya mutu farat ɗaya. Na fasa guda don in ga cikinsa: 'yan ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa a kan faranti, da ɗan allon lantarki ƙarami a baya, wani ɗan gwangwani a jikinsa ya kumbura. Wannan allon shi ke karɓar wutar gida ya rage ta zuwa abin da ɗigon ke buƙata, kuma yawanci shi ke fara mutuwa. Mutane na ɗauka LED ba ya zafi don fuskarsa ba ta ƙona hannu. Yana yi, ta baya yake fitar da shi. Shi ya sa na kirki ke da jikin alminiyan ko wani abu mai ɗan nauyi da zai janye zafin, shi ya sa kuma rashin nauyin ledar nan ya kamata ya tsayar da ni.

Sai ka tuna inda bayan ƙwan yake zaune a gidajenmu: a cikin ɗan sararin da ke tsakanin fiyofi da kwano, inda iska ba ta shiga. Duk wanda ya taɓa leƙa saman silin da azahar a watan Afrilu ya san wurin tanda ce. Awa 15,000 ko 25,000 da ake rubutawa a kwali, a ɗakin gwaji mai sanyi aka auna su. Ban ce ƙarya ba ne, amma ba da rufinmu aka yi lissafin ba. Da na sa aka buɗe ƙananan kafofin iska guda biyu a ƙarƙashin kwanon, aka sa musu raga saboda jemage da ɓera, na ga bambanci a daɗewar ƙwayayen, har ma da sanyin ɗakin.

Abu na biyu da ke kashe su shi ne hawa da saukar wuta. Ƙa'idar wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, amma wanda ke ƙarshen layi ya san wani lokaci takan zo da rauni, fanka na juyawa da ƙyar, wani lokacin kuma ta zo da ƙarfin da ya wuce kima. Ƙaramin janareta ma haka yake yi duk lokacin da aka jona masa wani abu ko aka cire. A jikin kwali akwai layin da ban taɓa karantawa ba sai da na yi asara. Wani zai ce 220 zuwa 240, wani kuma 85 zuwa 265. Na biyun shi ne namu, yana ci da cikakken haskensa ko wuta ta yi ƙasa. Ɗan bambancin kuɗin da ke tsakaninsu bai kai kuɗin ƙwai ɗaya da za ka sake saya ba.

4. In za ka kasuwa, tafi da tsohon a aljihu.

Da na yanke shawarar sayen na kirki, na tashi takanas daga Karaye ta hanyar Gwarzo har Sabon Gari, wajen masu kayan wuta. Na zaɓi masu nauyi, masu lumen a rubuce. Sai da na dawo gida da daddare na ga gindinsu siraran allurai biyu ne, nawa kuma ƙusoshi biyu ne masu kai, waɗanda ake turawa a murɗa. Nawa sunansa GU10, wutar gida yake sha kai tsaye. Wanda na sayo MR16 ne, bolt 12 yake so, sai da taransifoma. A fuska kamarsu ɗaya. Na sa guda goma sha biyun a kwali na tura ƙarƙashin gado, na jira albashin wani watan.

5. Farin haske ba iri ɗaya ba ne.

Mu da yawa farin haske tas muke so, irin mai ɗan shuɗi-shuɗi, don idonmu na gaya mana shi ya fi ƙarfi. Ni ma shi na sayo a karo na uku. A kwalin an rubuta 6500K. Wannan lamba mai K ita ke faɗin launin hasken: 2700 zuwa 3000 shi ne mai ɗumi, mai kama da fitilar ƙwai da muka taso da ita, 4000 tsaka-tsaki, 6500 kuwa fari ne fat kamar tsakar rana. Lumen ɗinsu na iya zama ɗaya, launin ne ya bambanta. Falon ya yi haske kam, amma ya zama kamar ɗakin jiran asibiti. Fuskar baƙo ta yi toka-toka, miyar taushe a kwano ta rasa jan nan da ke sa mutum ya ji yunwa.

Wadda abin ya fi shafa ita ce maiɗakina, don tana ɗinki, kuma ana gab da Sallah kwana take yi a kan keke. Wani dare a goman ƙarshe na azumi ta zauna a ƙarƙashin ƙwan da ke kusa da taga tana yi wa wata atamfa aiki a wuya. Na ga ta ɗebo zare uku ta jera a kan yadin, ta matso da fuskarta, ta zaɓi ɗaya. Har sahur tana ɗinki. Da gari ya waye ta fito da rigar tsakar gida don ta yi guga, sai ta tsaya cak. Yadin jan garura ne mai duhu, zaren kuwa ruwan ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo mini rigar ta ce, "Malam, duba abin da fitilarka ta sa ni." Ta ɗauki reza ta zauna a bakin ƙofa tana farke aikin dare guda, ɗinki bayan ɗinki, da azumi a bakinta. Wannan zaman nata ya fi duk asarar kuɗin da na yi ciwo.

Sai da na bincika na gane dalili. Asalin ɗigon LED shuɗi yake fitarwa. Masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka samar da shuɗin a farkon shekarun 1990, aka ba su kyautar Nobel a kansa a 2014. Ana shafa wa shuɗin wani sinadari mai ruwan ɗorawa, irin wanda na gani da na fasa ƙwan, gamayyar biyun ta ba da fari. Idan an yi tsumulmular sinadarin, farin zai fito amma ja zai yi ƙaranci a cikinsa, sai jan yadi da ruwan ƙasa su zama ɗaya a ido. Ma'aunin wannan a kwali shi ne Ra ko CRI, hasken rana ne ɗari. Tamanin ya isa zaman falo. Mai ɗinki, mai aikin hula, mai lalle, mai sayar da yadi a shago, ya nemi casa'in. Na sayo mata guda ɗaya mai 4000K da Ra 90, ya fi sauran tsada, tun daga nan ba ta sake farke aiki saboda zare ba.

Wani abu kuma da damina ta nuna mini: ƙwan da ke bakin ƙofa in fari ne mai shuɗi, ruwan farko na sauka shinge da sauran ƙwari za su yi masa dafifi, su cika ƙofar har su faɗa cikin abinci. Ƙwari sun fi bin haske mai shuɗi. Da na mayar da na ƙofa mai ɗumi, suna zuwa, amma ba kamar da ba.

6. Haske mai tsini na aiki ne, ɗaki shimfiɗaɗɗe yake so.

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a nan ƙasar Karaye, ya ga masunta da daddare da fitila ɗaure a goshi. Hasken siriri ne, yana sauka daidai inda hannu ke warware koma, gefe da gefe kuwa duhu. Abin da suke buƙata ke nan. Ni kuma irin wannan hasken na jera har goma sha biyu a saman iyalina. Waɗannan ƙwayayen silin asalinsu an yi su ne don su haska abu guda, hoto a bango ko kaya a kanta. Faɗin haskensu ana rubuta shi da digiri. Nawa 36 ne. Daga silin mai tsayin mita 3, digiri 36 na zana da'irar da faɗinta bai wuce mita 2 ba a ƙasa, kuma tsakiyarta ce kawai ke da ƙarfi.

A falon abokina na Kano hakan ya yi kyau, don kujeru ne da tebur a tsakiya. Mu a gidana a ƙasa muke rayuwa. A tabarma muke cin tuwo, a kan darduma yara ke yin aikin gida da tilawa. Sai ƙasan falon ya zama dabbare-dabbare, nan haske can inuwa. Na sha ganin ƙaramar 'yata tana jan littafinta da gwiwa tana bin da'irar haske, in ta sunkuya kuma kanta ya tare shi. Mai digiri 60 yana shimfiɗa wajen mita uku da rabi, mai 100 ko 120 kuwa yana cika ɗaki har bango, kuma farin bango na mayar da hasken ya taimaka.

Babban kuskuren ma ba a ƙwan yake ba. Duk goma sha biyun a makunni ɗaya na sa aka haɗa su, ko duka ko babu. Mutum ɗaya na zaune yana sauraron rediyo, fitila goma sha biyu na ci. Sai da aka sake jan waya a saman silin aka raba su gida uku. Yanzu huɗun tsakiya masu faɗi ne kuma masu ɗumi, su muke kunnawa kullum, wat 20 ke nan. Na wajen keken ɗinki makunninsa daban. Sauran sai in an yi baƙi.

7. Batir ba ya karɓar uzuri.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin 'yan kwanaki litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Janareta ya koma abin tayarwa ranar suna ko ranar biki. Na sayar da buhunan masara na haɗa 'yar sola: faranti biyu, batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 100, da ƙaramar inbata. Mai haɗa solar ya zauna da ni a zaure ya zana lissafin a bayan kwali. 12 sau 100, wat 1,200 ke nan na awa ɗaya. Irin wannan batir mai dalma, in kana so ya yi shekaru, rabi kawai za ka riƙa sha, 600. Ya ce, "Yallaɓai, yanzu ka kawo mini duk abin da ke cin wuta a gidan nan mu raba musu." Tsofaffin halojin ɗina da sun shanye rabon dare gaba ɗaya cikin awa guda. Huɗun da nake kunnawa yanzu za su kwana su wuni ba su cinye wannan rabon ba, a bar wa fanka da cajin waya sauran. Ita kanta inbatar tana ɗan ci ko ba a kunna komai ba, wannan ma sai an sa a lissafi.

A wannan zaman ne muka cire ƙwayayen enaji, masu lanƙwasasshen farin bututu, da suka rage a ɗakunan kwana da madafa. Sun fi tsohon ƙwai tattali, amma LED ya fi su. Na tattara su na watsa a juji. Kashegari wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta ga yara suna fasa su da dutse, ta aiko a kira ni. A cikin bututun akwai ɗan sinadarin makuri, guba ne, kuma yara ya fi yi wa illa. Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013 don rage amfani da shi, kuma a taron Bali na 2022, bisa shawarar da ƙasashen Afirka suka gabatar, aka amince a daina ƙera irin waɗannan ƙwayaye na gida daga 2025. Na je na kwashe ragowar da shebur. Wanda ke da su, in ɗaya ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe taga, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, kar a sa hannu.

8. Ka zauna inda mai ɗakin ke zama, sannan ka rataya fitila.

Mahaifiyata tana ƙauyenmu a ƙasar Rogo, can wajen da Kano ta yi iyaka da Kaduna da Katsina. Bayan na ga amfanin sola a gidana, na haɗa mata ƙarama, faranti ɗaya da ɗan batir, babu inbata, komai bolt 12 kai tsaye. Na rataya mata ƙwai mai kyau a tsakiyar ɗaki, ɗaya a tsakar gida saboda kunama, ɗaya a hanyar makewayi. Ta sa mini albarka, na hau babur na dawo ina jin na sauke nauyi. Duk lokacin da na tambaye ta a waya sai ta ce fitila lafiya lau, Allah ya yi albarka.

Wata huɗu bayan nan, lokacin yankan rake, dare ya yi mini a can na kwana. Da asuba na dawo daga masallaci na leƙa don in gaishe ta. Tana zaune a kan buzunta a kusurwar gabas, inda take zama tun ina yaro, ta ba ƙwan baya. Alƙur'aninta na buɗe a kan cinya, inuwar kanta da mayafinta ta rufe shafin gaba ɗaya. A hannun hagu tana riƙe da tsohuwar tocilan mai batir biyu, tana bin layi da ita, hannun na ɗan rawa. Ƙwan da na rataya yana haska bayanta da tsakar ɗaki, inda babu kowa.

Na durƙusa na ce, "Inna, ashe ba kya gani da shi? Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana. Ta ɗago ta ce, "Kai wannan, ka yi ɗawainiya, in kuma ce bai yi ba?"

Idon tsoho ba kamar na yaro ba ne. Mai shekara sittin yana buƙatar ninki biyu ko uku na hasken da ɗan shekara ashirin zai karanta da shi. Ni da na tsaya a tsakiyar ɗakin da rana na ɗaga kai na ce nan ya dace, ban zauna a buzunta ba, ban kuma tambaye ta inda take karatu ba. Da ita da maiɗakina da 'yata, duk haka na yi musu.

A kan hanyar komawa Karaye na tuna da kwalin da ke ƙarƙashin gado, ƙwayayen MR16 da na sayo bisa kuskure shekaru da suka wuce. Bolt 12 suke so, abin da batirinta ke bayarwa ke nan. Haskensu mai tsini ne, irin wanda ya ɓata mini falo, kuma shi shafin littafi ke buƙata. Ranar Asabar na koma da mai solar. Na ce ta zauna a wurinta ta buɗe Alƙur'anin. Ya riƙe ƙwan yana matsawa da shi a jikin azara, ni ina tsugune kusa da ita ina kallon shafin, har hasken ya zo ta saman kafaɗarta ta hagu ya sauka a kan rubutun babu inuwa. Nan aka kafe shi, aka jona ta na'urar da ke daidaita cajin batir, aka sa makunnin ƙasa-ƙasa, inda hannunta zai kai tana zaune.

Ta danna ta kashe, ta sake dannawa. Ta ɗora yatsa a kan layin farko ta bi shi har ƙarshe, leɓɓanta na motsi. Sannan ta miƙa wa jikanta tocilan ɗin ta ce ya kai wa kakansa, shi ke fita duba dabbobi da dare.